Yadda za ka yi idan an dakatar da kai bisa zargin yin sana'arka a lokacin aiki

Na yi shekaru ina wakiltar ƙananan ma'aikata a ƙungiyar ƙwadagon wani kamfanin dakon kaya da ke Apapa, kuma na raka mutane gaban kwamitin ladabtarwa har na daina ƙirgawa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zargin da ya fi kawo mutane teburina shi ne wai suna cin albashin kamfani suna yin tasu sana'ar a lokacin aiki. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ke haya a Agege yana aiki a Apapa ko Lekki ya san abin da kuɗin mota ke yi wa albashi. Shi ya sa wannan ke da POS a Mile 12, wancan ke jan Bolt da daddare, wata ke sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp.

Inda mutanenmu ke faɗuwa wuri ɗaya ne: rigimar takarda ce, su kuma sai su tare ta da baki. A je a durƙusa wa oga, a nemo wani babba ya kama ƙafa, a yi rantsuwa. Duk wannan ba ya shiga fayil, kuma fayil ake buɗewa ranar hukunci. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Kayan da za ka tanada

Takardar ɗaukarka aiki, da duk wata takardar ƙarin girma ko canjin wurin aiki da aka taɓa ba ka.

Littafin ƙa'idojin ma'aikata, wanda ake ce wa hanbuk. Yawancinmu mun sa hannu mun karɓa, mun jefa shi ƙarƙashin katifa. Ciro shi, yau ranarsa ce.

Takardar tuhumar da aka ba ka, wato kweri, da takardar dakatarwa idan daban aka rubuta su.

Takardun albashi na wata shida baya, da bayanan asusunka na banki na lokacin da ake zargi.

Duk abin da ke nuna inda kake a ranar: rajistar shiga da fita, jadawalin aiki, littafin tafiye-tafiyen mota, webil ɗin da ka sa wa hannu, wato takardar rakiyar kaya.

Wayarka, yadda take, ba tare da ka goge komai ba.

Ɗan littafi mai shafi arba'in, biro, fayil na roba, da canjin fotokwafi.

Sai mutum ɗaya mai Turanci kuma mai sanyin kai, wanda zai duba maka rubutu. Wakilin ƙungiya ya fi, idan kuna da shi.

Idan ba a taɓa ba ka takardar ɗaukar aiki ba, kada hankalinka ya tashi. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, don haka gazawar tasu ce. Katin shaidar aiki, alat ɗin albashi da ke faɗowa kowane wata da sunan kamfanin, da bayanin asusun fanshonka sun isa su nuna kai ma'aikacinsu ne. Idan hanbuk ne ya ɓata, ari na abokin aiki ka yi fotokwafin shafukan da suka shafi ladabtarwa da sana'ar waje, ko ka nemi kwafi daga sashen ma'aikata, wato HR, a rubuce.

Mataki na 1: Karɓi takardar, ka kame bakinka

Kada ka ƙi karɓa. Wasu na ganin idan ba su taɓa takardar ba maganar ba ta hau kansu ba. Ƙin karɓa laifi ne na biyu, rashin ɗa'a, kuma ya fi na farkon sauƙin tabbatarwa. Karɓa, ka sa hannu a kwafinsu, ka rubuta kwanan wata da ƙarfe nawa aka miƙa maka. Lokacin nan yana da muhimmanci, domin daga shi ake fara ƙirga wa'adin amsa.

Amma ka karanta layin da ke saman wurin sa hannun. Idan cewa yake ka karɓa, to. Idan cewa yake ka amince da abin da ke ciki, ja layi a kan wannan ɓangaren, ka rubuta da hannunka cewa karɓa kawai ka yi.

Daga nan ka ce, "Na gode, zan amsa a rubuce." Shi ke nan. Za a ja ka da hira: "Kai ma faɗa mana gaskiya mu rufa maka asiri." Kada ka biye. Abin da ka faɗa a tsaye cikin ruɗewa shi za ka tarar an buga a takarda ranar zama. Idan an ce ka miƙa katin shaida, makullai, kwamfuta ko motar kamfani, miƙa, amma a jera su a takarda, mai karɓa ya sa hannu. Na ga wanda ya wanke kansa daga zargin sana'a, aka dawo aka maƙala masa ɓatan taya sifiya.

Mataki na 2: Gano wace doka ce a kanka

Kafin ka rubuta harafi ɗaya, ka san a wane layi kake cikin ukun nan.

Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa: babu dokar ƙasa da ta hana ka yin sana'a bayan an tashi aiki. Abin da ke ɗaure ka shi ne yarjejeniyarka da hanbuk. Wani kamfanin ya hana gaba ɗaya, wani ya ce sai ka sanar a rubuce, wani kuma abin da ya hana kawai shi ne sana'ar da ke kishiyantar tasa ko amfani da lokacinsa da kayansa. Nemo shafin, ka ja layi a ƙarƙashin ainihin kalmomin.

Wanda ɗan kwangila ya kawo: masu gadi, direbobi, masu shara da yawancin masu zama a kantar banki a Legas ba ma'aikatan wurin da suke zuwa kullum ba ne. Duba sunan da ke kan alat ɗin albashinka. Wannan kamfanin ne mai ikon ladabtar da kai, kuma shi za ka rubuta wa amsa, ka ba wurin da kake aiki kwafi. Da yawa sukan ɓata sati biyu suna zarya a ofishin da ba shi da fayil ɗinsu.

Ma'aikacin gwamnati: naka ya fi tsauri. Ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, in ban da noma. Saboda haka "ai bayan an tashi nake yi" ba ta fitar da kai kamar yadda za ta fitar da ɗan kamfani. A ɗaya gefen kuma, kana da kariyar da shi ba shi da ita: dole a bi ƙa'idojin aikin gwamnati tiryan-tiryan kafin a hukunta ka, idan aka tsallake mataki kotu na iya rushe hukuncin ta maida kai bakin aiki. Kai kam ka nemi lauya ko shugabannin ƙungiyarku tun ranar farko.

Mataki na 3: Warware zargin

Kweri kan zo a dunƙule: "an samu labarin kana gudanar da harkokin kanka a lokacin aiki." Cikin jimlar nan akwai zargi uku, kuma kowanne da amsarsa. Na ɗaya, kana da sana'a. Na biyu, ka yi ta a cikin awannin aiki. Na uku, ka yi amfani da kayan kamfani, ko mota, ko waya, ko kwastomominsa. Sau da yawa na farkon gaskiya ne, na biyu da na uku zato ne. Wanda bai raba su ba, ko dai ya musanta duka a kama shi da ƙarya, ko ya amsa duka ya ɗauki kayan da ba nasa ba.

Sai ka duba: an faɗi rana? An faɗi lokaci? An faɗi wurin da aka gan ka? Idan babu, kana da damar rubuta gajeriyar wasiƙa ka nemi a fayyace maka, tare da kwafin duk hujjar da aka dogara da ita. Ba taurin kai ba ne. Ba a kare kai daga zargin da ba shi da rana.

Mataki na 4: Tattara shaida, minti bayan minti

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka ƙarar da daren farko. Buɗe ɗan littafinka, ka rubuta ranar da ake zargi tun daga fitowarka gida har komawa. Ƙarfe nawa ka hau mota, ƙarfe nawa ka danna yatsa a na'urar ƙofa, wa ya aike ka, ina, wa ka tarar. Gefen kowane layi ka rubuta abin da zai tabbatar da shi.

Legas gari ne da mutum ke barin sawu ko'ina ba tare da ya sani ba. Manhajar Bolt da ta Uber suna ajiye lokacin kowace tafiya, don haka direban da ke ja daga ƙarfe takwas na dare zai iya nuna cewa babu tafiya ko ɗaya da rana. OPay da Moniepoint suna nuna lokacin kowane ciniki. Idan taswirar Google da ke wayarka na ajiye tarihin wuraren da ka je, ita ma shaida ce. Ga saƙon da oga ya turo maka da kansa yana cewa ka tsaya Ijora ka karɓo kaya.

Akwai wani mai kula da sito da na raka, dattijo mai shiru-shiru. Hujjar da aka kawo a kansa hoton sitatus ne na WhatsApp: atamfa turmi shida a shimfiɗe kan gado, an rubuta farashi, ƙarfe 11:14 na safiyar Laraba, da lambar wayar da ke cikin fayil ɗinsa. Ya riga ya yanke ƙauna, yana ta "Allah Ya ƙaddara." Na ce, "Baba, layin nan yana hannun wa?" Ya ce tsohon layinsa ne, ya bar wa mai ɗakinsa shekara biyu da suka wuce, bai dai canza a ofis ba. Muka nemo kwafin webil biyu na wannan safiya, ɗaya ya sa hannu 11:05, ɗaya 11:30, duk a Apapa. Ranar zama ya zo da wayar uwargida a aljihu, ƙaramar Tecno mai fasasshen gilashi. Shugaban kwamitin ya kira lambar, ta yi ƙara a kan tebur, ga hoton jikoki a fuskar wayar, ga saƙonnin mata masu tambayar leshi. Ba a yi minti ashirin ba aka tashi. Da ya bi shawarar zuciyarsa ya rubuta ban haƙuri, da yanzu yana gida.

Gargaɗi uku a nan. Kada ka goge saƙo ko hoto daga wayarka. Wanda ya kai ƙararka ya riga ya ɗauki hoto, gogewar kuma ta zama alamar rashin gaskiya. Kada ka tura takardun kamfani zuwa imel ɗinka na kanka da sunan tara hujja, wannan kaɗai na iya jawo kora. Abin da ke hannunsu, kamar rajista da hoton kyamarar tsaro, ka nema a rubuce, kuma da wuri, don na'urorin kyamara kan share tsohon hoto da kansu. Na uku, kada ka sayar da wayar ko ka canza ta. Idan magana ta kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar bayani a kan na'urar da hujjar ta fito daga cikinta.

Wani abu da ya shafe mu musamman: Juma'a. Direba ko masinja ya fita ƙarfe ɗaya, masallaci ya cika, gosulo ya riƙe shi, bai dawo ba sai uku da rabi. Wanda bai san kan abin ba sai ya ce lodin fasinja ya tafi. Idan ranar da ake zargi Juma'a ce, faɗi masallacin da ka je, da wanda kuka tafi tare, da wanda ya ba ka izini.

Mataki na 5: Rubuta amsa

Wa'adin kamfanoni galibi awa 24 ne ko 48. Idan ba zai ishe ka ba, rubuta layi uku ka nemi ƙarin kwana biyu, ka miƙa kafin wa'adin ya cika. Shiru shi ne mafi muni, domin ana ɗaukarsa a matsayin ba ka da ta cewa.

Da Turanci za a miƙa amsar, amma fara tsara ta da Hausa don ka tabbata abin da ke ranka ne aka rubuta. Kada ta wuce shafi ɗaya da rabi. Ga ƙashin bayanta:

Sakin layi na farko: na karɓi takardarku mai kwanan wata kaza, a rana kaza, ƙarfe kaza.

Na biyu: matsayinka a jimla ɗaya. "Ban yi wata sana'a tawa a lokacin aiki a ranar da aka ambata ba."

Na uku: yadda ranar ta kasance, da lokuta, kana nuni ga hujjojin da ka liƙa, kowace da lambarta.

Na huɗu: gaskiyar sana'ar. "Ina da shagon POS a wuri kaza, ƙanena ke zama a ciki, ni ina zuwa ranar Lahadi." Idan hanbuk bai hana ba, kawo shafin.

Na biyar: a shirye nake in bayyana gaban kwamiti, ina roƙon a ba ni kwafin hujjoji, a kuma janye dakatarwar.

Abin da ba ya shiga: zagin wanda kake zargin ya kai gulmarka, maganar ƙabila ko addini, lissafin sauran masu sana'a a ofis, da labarin 'ya'ya takwas da kuɗin haya. Ko da ka tabbata hassada ce, riƙe a cikinka. Kwamiti na son rana da lokaci.

Sai babban ramin, "sori sa." A tarbiyyarmu, babba ya yi fushi ka ba shi haƙuri ko kai ne da gaskiya, kuma hali ne mai kyau. A takardar ofis kuwa, ban haƙuri amsa laifi ne. Wani yaro mai tuƙa babur ɗin kai saƙo ya rubuta layi biyu, ya ce a yi haƙuri ba zai sake ba, alhali ranar da ake magana yana wurin bakanike da babur ɗin kamfanin, har da rasit. Da na je, sai shugabar HR ta juyo mini da takardar ta ɗora yatsa a kan "ba zan sake ba", ta ce, "Me zai daina, idan bai yi ba?" Ban sami amsa ba. Ladabi na cikin gaisuwa da lafazi. Kana iya cewa ka yi takaicin rashin fahimtar da aka samu ba tare da ka ɗauki laifin ba.

To idan ka yi fa? Kada ka yi ƙarya, kuma kada ka nemi wani ya yi maka shaidar zur. Bayan haramcinta, ƙarya a rubuce ita ke maida gargaɗi ya zama kora. Faɗi iyakar abin da ya faru, ba ƙari: sau nawa, minti nawa, ko aikin kamfani ya tsaya ko bai tsaya ba. Ambaci shekarunka ba tare da kweri ba, faɗi matakin da ka riga ka ɗauka, misali ka miƙa wa wani layin cinikin, sannan ka roƙi sassauci. Nan ne ban haƙuri ke da wurin zama.

Mataki na 6: Miƙa, ka karɓi shaida

Buga kwafi uku. Kai da kanka, a buga hatimi a naka kwafin da kwanan wata da sa hannu. Idan an hana ka shiga get, tura ta imel zuwa HR da ogan sashenka, sannan ka aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit. Kada ka ba abokin aiki ya kai maka.

Mataki na 7: Zaman jira

Dakatarwa ba kora ba ce. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2010 a shari'ar Bernard Longe da First Bank: wanda aka dakatar yana nan a matsayin ma'aikaci har sai an kawo ƙarshen aikinsa ta hanyar da doka ta tanada. Wannan na nufin haƙƙoƙinka na nan, kuma dokokin kamfani ma na nan a kanka.

Game da albashi, duba takardar: da biya ne ko babu, kuma na kwana nawa? Kamfani ba ya da ikon tsayar da albashi a lokacin dakatarwa sai idan yarjejeniya ko hanbuk sun ba shi wannan dama a fili. Idan ba su ba shi ba kuma aka riƙe, rubuta wasiƙa cikin ladabi a ƙarshen watan farko ka nema. A gwamnatin tarayya akwai dakatarwa iri biyu, wadda ake biyan rabin albashi da wadda ake tsayar da shi ɗungurungum, don haka ka duba kalmar da aka yi amfani da ita a takardarka. Tambayi HR kuma, a rubuce, ko katin asibitin iyalinka na ci gaba da aiki.

Kuskuren da ya fi cin 'yan Arewa shi ne tafiya gida. Mutum ya ga zaman banza a Legas na cin kuɗi, ya je Agege ko Alaba Rago ya hau mota sai Kano ko Sakkwato. Ranar Talata a turo saƙo cewa kwamiti zai zauna Laraba ƙarfe goma. Bai zo ba, a rubuta ya gudu daga aiki. Zauna a gari, wayarka a kunne, kana duba imel safe da yamma. Idan tafiyar ta zama dole, rasuwa ko rashin lafiya, sanar a rubuce kafin ka tashi, da ranar dawowa.

Kada kuma ka je ka zauna a shagon naka da tsakar rana kana ɗora hotuna, kada ka kai ƙorafi Facebook, kada ka kira wanda kake zargi ka yi masa barazana. Kamun ƙafa ba laifi ba ne; idan akwai dattijon da oga ke jin nauyinsa, ya yi magana. Amma bayan takarda ta shiga, kuma ka ja masa kunne kada ya je ya ce "yaro ya yi kuskure."

Mataki na 8: Gaban kwamiti

Je da wuri, ka lissafa da gosulo. Riƙe fayil ɗinka da kwafi na kowane ɗan kwamiti. Nemi a bar wakilin ƙungiya ko abokin aiki ya zauna tare da kai. Yawancin kamfanoni ba sa barin lauya a wannan zama, amma suna barin wakili. Idan Turancinka na tuntuɓe in ka ruɗe, nemi tafinta tun kafin ranar. Ba abin kunya ba ne, ya fi ka ce "yes" inda ya kamata ka ce "no."

Amsa abin da aka tambaye ka, ka tsaya. Idan aka fito da hujjar da ba ka taɓa gani ba, ce kana buƙatar lokaci ka duba ta. Idan wanda ya kai ƙararka yana zaune cikin masu yanke hukunci, faɗa cikin natsuwa, ka roƙi a rubuta cewa ka faɗa. Mutum ba ya zama mai ƙara kuma alƙali. Wayarka ta kanka taka ce: nuna musu abin da ya shafi zargin da hannunka, ba sai ka miƙa ta a yi ta bincike ba. Kada ka sa hannu a bayanin zama sai ka karanta, kuma da ka fito ka rubuta duk abin da aka tambaya da abin da ka amsa tun kafin ka hau mota.

Mataki na 9: Idan an ce ka ajiye aiki da kanka

Za a iya jan ka gefe a ce, "Rubuta takardar ajiye aiki, ya fi maka mutunci." Kada ka rubuta a wurin. Ce za ka yi shawara. Wani lokacin tayin na da amfani, idan hujja ta kama ka kuma kora za ta cinye maka haƙƙoƙi. Amma sai an rubuta abin da za a biya ka da irin takardar shaidar da za a ba ka. Ka san bambancin: sallama da sanarwa tana zuwa da wa'adi ko kuɗin madadinsa, kora kan babban laifi kuwa ba ta da wannan. Ga waɗanda Dokar Ƙwadago ta shafa, sashe na 11 ya sa mafi ƙarancin wa'adi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, sati ɗaya har zuwa shekara biyu, sati biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar. Kuɗin da ke asusun fanshonka naka ne ko ta yaya aka rabu, kuma Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba damar cirar kashi 25 cikin ɗari.

Mataki na 10: Idan an yi shiru, ko an zalunce ka

Dakatarwar da ba ta da ranar ƙarewa ita ce mafi cin rai. Wa'adin da ke hanbuk ya wuce, ko wata guda ya shuɗe ba labari, rubuta tunatarwa. Bayan sati biyu ka sake. Idan hanbuk ya tanadi ɗaukaka ƙara a cikin gida, bi ta, kuma cikin kwanakin da ya ƙayyade.

Daga nan sai waje, daga mai sauƙi zuwa mai tsada. Ƙungiyarku, idan akwai. Cibiyar sulhu ta 'yan ƙasa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas, wadda ake kira CMC, tana sasanta ma'aikaci da mai aiki kyauta, kuma wasiƙar gayyatarta kaɗai kan sa kamfani ya tuna da fayil ɗinka. Akwai jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai kuma ofishin OPD na jihar mai ba marasa hali lauya kyauta. Ƙarshe ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, reshenta na Legas yana Ikoyi. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai hurumin rigingimun aiki, don haka kada wani ya kai ka ofishin 'yan sanda ko kotun majistare da wannan magana. Idan kamfani ya rubuta dalilin korarka, shi ke da nauyin tabbatar da dalilin. Sai dai ka sani, ɗan kamfani galibi kuɗi kotu ke sa a biya shi, ba komawa aiki ba, kuma shari'a na cin lokaci. Ma'aikacin gwamnati kada ya bari wata uku ta cika bai shigar da ƙara ba, don lauyoyin gwamnati kan fake da dokar kare jami'an gwamnati mai wannan wa'adi.

Mataki na 11: Ranar komawa

Idan an wanke ka, kada ka koma da saƙon baki. Karɓi takardar janye dakatarwa, ka tabbata an sa kwafi a fayil ɗinka, ka lissafa albashin da aka riƙe ka nema. Idan gargaɗi aka ba ka, tambayi tsawon lokacin da zai yi a fayil kafin ya faɗi.

A satin farko ka rubuta wasiƙa biyu. Ɗaya ta sanar da sana'arka: mece ce, ina take, wa ke kula da ita, da cewa ba ta taɓa lokacin aiki. Ɗaya ta neman izinin Juma'a, daga ƙarfe kaza zuwa kaza. A buga wa kowace hatimi ka kai gida. Sannan ka je HR ka gyara lambar wayar da ke fayil ɗinka, ka sayi layi na daban don ciniki, ka bar shi a hannun wanda ke zaman shagon daga Litinin zuwa Juma'a.